Kwamfutar Tana Aiki Lafiya Lau, Me Za a Canza?

A wani ofis da ke kusa da titin Ahmadu Bello a cikin garin Sakkwato akwai wata kwamfutar tebur da ake lulluɓewa da tsohon ɗankwali saboda ƙura. A cikinta ake lissafin albashi, a cikinta sunayen waɗanda ake bi bashi suke, kuma a gefen allonta an manna 'yar takarda ɗauke da kalmar sirri da jan biro. Ranar da aka kira ni in duba ta, babu abin da ya same ta. Wani saƙo ne ya cika allon yana cewa Microsoft ya daina kula da Windows 10. Akantan ofishin, wanda ya kusa haihuwata, ya karanta, ya danna ya kore shi, sannan ya juyo gare ni.

"Injiniya, kwamfutag ga tana aiki lahiya lau. Shekara takwas ban taɓa kai ta gyara ba. Mi za a canza?"

Na ce, "Ranka shi daɗe Baba, gaskiyarka. Ba ta lalace ba."

Wannan tambaya za ka ji ta a sakatariyar gwamnati, za ka ji ta a makarantun kuɗi na Mabera da Arkilla, da asibitoci masu zaman kansu, da ofisoshin ƙungiyoyin agaji. Kuma mai yin ta yana da hujja. Mun saba abu sai ya lalace ake gyara shi, sai ya mutu ake sauya shi. Mota ko janareta idan sun gaji da kansu suke faɗa, da hayaƙi da ƙara da shan mai. Babbar manhajar kwamfuta ba ta da wannan kirki. Tana iya shekara uku ƙofarta a buɗe ga ɓarayi, alhali tana buɗe Excel kafin ka ƙifta ido.

Babbar manhaja, wadda mafi yawanmu ke kira Windo ko da wace iri ce, ita ce tsakanin ƙarfen na'urar da sauran manhajojin aiki. Wanda ya san ofis sai ya ɗauke ta kamar ɗakin rajista da masinja da mai gadi a haɗe. Duk fayil ta hannunta yake bi, ita ke kai takarda wurin firinta, ita ke tare baƙon da ya shigo ta intanet ko ta filash ta tambaye shi wa ya aiko shi. Mutane ne suka rubuta ta da miliyoyin layukan umarni, don haka ba ta rasa kuskure, kuma kullum ana gano sabuwar ɓaraka da mai kutse zai iya bi. Shi ya sa a ranar Talata ta biyu ta kowane wata Microsoft ke sakin faci, wato abin nan da muke kira ofdet muna tsaki idan ya fara cin data. Duk wanda ya tashi a gidan laka ya san cewa gida bai ƙare ba don an gama gini. Kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, an toshe inda ya tsage. Shekarar da aka fasa, gidan ba zai faɗi ba, ana ma iya yin shekara biyu ana barci a ciki. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya faru ranar 14 ga Oktoba 2025 shi ne mai yaɓen ya ce ya daina zuwa. Ba wannan ne karon farko ba. Windows XP ta fito a 2001, aka sallame ta ranar 8 ga Afrilu 2014. Windows 7 ta fito a 2009, aka sallame ta ranar 14 ga Janairu 2020. Windows 8.1 ta bi su a Janairun 2023. Windows 10 kuwa ta fito ranar 29 ga Yuli 2015, ta yi shekara goma da 'yan watanni. A ranar da aka janye mata kulawa aka janye wa Office 2016 da Office 2019, waɗanda da su ake buga mafi yawan wasiƙun ofisoshinmu, amma wannan ba kowa ya lura da shi ba. Duk da haka, ka leƙa shagunan buga takardu na bakin makarantu, za ka tarar da Windows 7 tana ta aiki kamar ba a yi komai ba.

Akwai wani abu da ke sa haɗarin ya riƙa ƙaruwa wata bayan wata, kuma shi ne mutane ba su cika fahimta ba. Windows 11 an gina ta ne a kan tubalin Windows 10, ɗakuna da yawa iri ɗaya ne. Duk watan da aka saki facin sabuwar, masu kutse sukan kwance shi su ga inda aka toshe, sannan su je su duba ko irin wannan ramin yana jikin tsohuwar. Sau da yawa yana nan, kuma ba mai toshe shi. Ashe facin da ke kare sabuwa shi ke nuna wa ɓarawo hanyar shiga tsohuwa. Bayan haka sauran kamfanoni su ma sukan janye a hankali. Chrome ta tsaya wa masu Windows 7 a kan lamba 109 tun farkon 2023, kuma daga nan ne shafukan banki da na biyan kuɗi da na rajista ke fara yi wa mutum gardama, ya rasa dalili, ya ɗora laifin a kan netwok.

A ranar 12 ga Mayu 2017 duniya ta ga abin da ɓaraka guda ɗaya ke iya yi. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta shiga kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150 cikin 'yan kwanaki. Tana kulle duk fayilolin da ta samu, ta ce a biya dala 300 kafin a buɗe. Ba sai wani ya danna komai ba, da kanta take tsallakawa daga na'ura zuwa na'ura a cikin ofis. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya kusan 19,000, kuma daga baya gwamnatin ta ƙiyasta asarar da fam miliyan 92. Abin da ya fi ba ni haushi a labarin shi ne Microsoft ya riga ya saki facin wannan ramin tun ranar 14 ga Maris, wata biyu kafin harin. Mafi yawan kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin ana kula da ita. Ba a dai ɗora facin ba ne. Don haka wanda ya sauya zuwa sabuwar manhaja sannan ya kashe ofdet, kuɗinsa kawai ya kashe.

Na san abin da za a ce: wa ya san da mu a Sakkwato har ya ɓata lokacinsa? Ai ba mutum ne ke zaune yana zaɓar gari ba. Na'urori ne ke shara a intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, wadda ta buɗu su shiga, ba ruwansu da ko Landan ce ko Gwadabawa. Sai an shiga ne ake duba abin da ke ciki a yanka farashi. Mu a wannan yanki ba sai an fassara mana kalmar kuɗin fansa ba. Kuma ba kullum ake kulle fayil ba. Wani lokaci ɓarawon shiru yake yi, yana kwashe kalmomin sirrin da aka ajiye a burauza, yana karanta imel ɗin ofis, har ranar da zai aika wa mai biyan kuɗi wasiƙa da sunan shugaba cewa lambar asusun ɗan kwangila ta canza.

Doka ma ta shigo cikin maganar. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Duk wanda ke riƙe da bayanan mutane, makaranta ce ko asibiti ko ƙungiyar adashe ta ma'aikata, wajibi ne ya ɗauki matakan tsare su, kuma idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, yana da awa 72 ya sanar da hukumar. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Shugaban da aka sace sakamakon gwajin marasa lafiya daga kwamfutar da ya san an daina yi wa faci, zai sha wuyar bayani.

Sai dai in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, a ofisoshi da yawa ranar 14 ga Oktoba ba ta canza komai ba, domin kwamfutocin sun daɗe ba sa karɓar faci. Dalilin shi ne al'adar fomatin. Kwamfuta ta fara nauyi, sai a ce a kira yaron nan ya yi mata fomatin. Ya zo da filash ɗinsa, wanda ya shiga na'ura ɗari kafin taka, ya goge komai, ya ɗora Windo da Office da CorelDraw, duk na sata. Don su yi aiki sai ya kunna wata 'yar manhajar fasa lasisi. Manhajar tsaro ta Windows takan kama wannan a matsayin cuta, sai ya kashe ta. Ya kashe ofdet don kada ya cinye data ko ya tona asirin lasisin. Daga ƙarshe ya ɗora wata 'yar manhajar duba filash mai koren tambari da kowa ya sani, ya karɓi kuɗin aikinsa, kowa ya yi godiya. Ba na ganin laifin yaron, abin da aka biya shi ya yi ke nan. Amma wanda ya rubuta manhajar fasa lasisi ya raba ta kyauta a intanet, me yake ci? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka ba baƙon da ba ka sani ba mabuɗin kowane ɗaki, sannan ka sallami mai gadi saboda ya ce bai yarda da shi ba.

To a ce ofis ya yarda zai koma Windows 11. Ga mai lasisin Windows 10 na gaskiya, sauyin kyauta ne. Wahalar tana jikin ƙarfen. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, tana neman RAM, wato inda na'ura ke riƙe aikin da take kan yi, gigabait 4, da wurin ajiya gigabait 64, waɗannan ba su da wuya. Masu wuyar guda biyu ne. Na farko wani ɗan guntu da ake kira TPM 2.0, wanda yake kamar ƙaramin sef a jikin babban allon da ke cikin na'urar (motherboard), inda ake ɓoye mabuɗan sirri ta yadda ko an cire faifan ajiya an kai wata kwamfuta ba zai karantu ba. Yana aiki tare da wani tsari mai duba duk abin da zai tashi lokacin kunna na'ura, ya hana wanda ba shi da sa hannu. Na biyu shi ne shekarun firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. A na Intel sai daga zubi na 8 zuwa sama, a na AMD daga Ryzen 2000, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Wato mafi yawan abin da aka ƙera kafin ƙarshen 2017 ya faɗi jarrabawa.

Gane zubin ba ya buƙatar injiniya. Ka duba lambar da ke bayan ɗan layin nan a sunan firosesa: i5-7200U zubi na 7 ne, bai shiga ba, i5-8250U zubi na 8 ne, ya shiga. Microsoft yana da 'yar manhaja kyauta mai suna PC Health Check da za ta faɗa maka cikin minti ɗaya. Kuma kada a yi gaggawar yanke hukunci idan ta ce babu TPM, domin a na'urori da yawa yana nan, a kashe ne kawai a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, ana kunna shi maganar ta ƙare.

A nan ne nake jin tsoron abin da zai same mu. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sharaɗi. Kamfanonin Turai da Amurka ba za su binne su ba. Za a cika kwantena, a sauke a Legas, su ratsa kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su biyo ta Kano, su iso shagunanmu a goge tas, da araha mai jan hankali. Mai shago zai ce maka Core i7 ce, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai i7 ta zubi na 4 tun 2013 aka yi ta. Zai kunna maka ka ga Windows 11 a kai, shi ma gaskiya ne, domin akwai dabarar tsallake binciken a ɗora ta da ƙarfi. Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin waɗannan na'urori ba ya ba su tabbacin samun faci. A aikace facin wata-wata yakan zo, amma babban zubin shekara ba ya sauka da kansa, kuma kowane zubi na Home da Pro wata 24 ake kula da shi. Bayan shekara biyu ka koma ramin da ka fito ba tare da ka sani ba. Ga ɗalibi mai buga furojet a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wanda aljihunsa iyakarsa ke nan, ba zan ce masa komai ba. Ga ofishin da ke riƙe da kuɗin mutane, araha ba ta ado. Duk takardar kwangilar da ta ce kawai a kawo kwamfuta Core i5 guda hamsin, ba ta faɗi zubi ba, ba ta faɗi lasisi ba, ta buɗe wa ɗan kwangila ƙofar kawo gwanjon 2014 a farashin sabuwa.

Wanda bai shirya ba yana iya sayen lokaci. Microsoft yana sayar da ƙarin faci na Windows 10 har shekara uku, zuwa Oktoban 2028. Ga ma'aikatu da kamfanoni dala 61 ne kowace na'ura a shekarar farko, 122 a ta biyu, 244 a ta uku, kuma wanda ya shigo a makare sai ya biya na baya. Jimla dala 427. In ka lissafa dala a kan naira 1,500, ya haura naira dubu 640 a kan kwamfuta ɗaya da za ka jefar daga ƙarshe. An tsara farashin ne don ya kore ka, shekarar farko kaɗai ke da ma'ana. Makarantu an yi musu rangwame mai yawa, dala 1, sannan 2, sannan 4, abin da ya kamata manyan makarantunmu su bincika. Na ɗaiɗaikun mutane kuwa, wanda aka sa wa dala 30 ko a samu kyauta ta hanyar haɗa na'ura da asusun Microsoft, an yi shi ne don kwamfutar gida.

Akwai kuma hanyar barin Windows gaba ɗaya. Linux, wata babbar manhaja ce daban mai iri-iri kamar Ubuntu da Linux Mint, kyauta ce, ana yi mata faci, kuma tana tashi da kyau a kan na'urar da Windows 11 ta ƙi. Ubuntu mai dogon zango ana sakinta duk shekara biyu, a kula da ita shekara biyar. Kwamfutar da aikinta buɗe shafin intanet da buga wasiƙa ne, kamar ta ɗakin karatu ko ta koyar da yara, ba ta da dalilin zuwa bola. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan wannan hanya. Amma birnin Munich na ƙasar ya taɓa yin haka, ya ja da baya a 2017. Mu matsalarmu mai gyara ce. Ranar da firinta ta ƙi, yaron da za a kira Windo kaɗai ya sani, kuma maganinsa fomatin ne. In babu mutum ɗaya a ofis da zai riƙe abin, wata uku ya yi yawa.

Game da saurin aiki, masu tallar kaya suna cika baki. Windows 11 ba za ta sa mai buga takarda ya ƙara sauri ba. A makonnin farko ma raguwa zai yi. Na ga sakatariyar da ta shekara goma sha biyar tana aiki ta tsaya cak saboda maɓallin farawa ya koma tsakiya, kuma kalmomin kwafa da mannawa da ta saba gani sun zama 'yan hotuna. Maɓallin ana iya mayar da shi hagu cikin daƙiƙa goma, sauran kuma zaman awa ɗaya na koyarwa ya isa, amma ba a cika yin zaman ba. Abin da ke kawo sauri na gaske shi ne cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD, sabon faifan da ba ya juyawa, da ɗaga RAM zuwa gigabait 8 ko fiye. Kwamfutar da ke cin minti uku kafin ta tashi sai ta koma daƙiƙa ashirin. Sai kuma bushe ƙura. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, na'urar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka takan rage gudun kanta da kanta don kada ta ƙone, mai ita ya ce bairos ne. Ribar da sabuwar manhaja ke kawowa a ɓoye take: ranakun da ba a rasa ba wurin fomatin, fayil ɗin da ya buɗu iri ɗaya a kowane tebur, filash ɗin da bai dawo da komai ya zama gajeriyar hanya ba.

Inda sauyi ke karya ofis shi ne tsofaffin kayan da ke rataye a jikin tsohuwar manhaja. Kusan kowace ma'aikata tana da wata manhajar albashi ko ta sakamakon ɗalibai da wani ɗan bautar ƙasa ya rubuta shekaru goma sha da suka wuce, ya gama hidimarsa ya tafi, lambarsa ba ta shiga. Akwai na'urar ɗaukar zanen yatsa, da tsohuwar firinta da ba a yi wa sabon direba ba, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da Windows, da injin gwajin jini da kamfanin da ya ƙera shi ya ɗaure shi da Windows 7. Manhajojin zamanin DOS, tsohuwar babbar manhajar da ta riga Windows, ba sa tashi a kan Windows 11 kai tsaye. Tsohon burauzan Internet Explorer an yi masa ritaya a Yunin 2022, ko da yake Edge da ta gaje shi tana da yanayin da ke kwaikwayonsa don tsofaffin shafuka. Irin injin gwajin nan ba a taɓa shi don burgewa, kada garin neman gira a rasa ido. Ana zare masa wayar intanet, a hana sa masa kowane filash sai guda ɗaya da aka ware, a bar shi ya yi aikinsa shi kaɗai har ranar da za a iya sauya shi.

Shi ya sa aikin ke farawa da biro da takarda. Na'ura nawa ce, wane zubi, wa ke amfani da ita, me ke kanta da in ya tsaya ofis ya tsaya, lasisinta na gaskiya ne ko na yaron nan. Ofisoshi kaɗan ne ke iya amsa tambayar farko ma. Littafin sito zai ce arba'in, ka ƙirga ka samu talatin da ɗaya, uku suna gidan waɗanda suka yi ritaya.

Daga nan sai kwafin ajiya, kafin a taɓa komai. A Yunin 2017 wata cuta mai suna NotPetya ta rusa kwamfutocin Maersk, babban kamfanin jiragen dakon kaya na Denmak. Sai da suka sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci 45,000 da uwayen garke 4,000, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, asarar ta kai wajen dala miliyan 300. Duk na'urorin da ke riƙe da rajistar ma'aikatansu da izinin shigarsu sun goge a lokaci guda, saboda a haɗe suke. Guda ɗaya ta tsira, a ofishinsu na Ghana, domin an ɗauke wuta kafin harin, ta fita daga layi. Faifan nata ta filin jirgin Nijeriya aka miƙa shi hannu da hannu aka wuce da shi Ingila. Ɗauke wuta ya ceci kamfanin duniya, abin dariya ga mu da ke zagin nefa kullum. Darasin dai shi ne kwafin da ke maƙale a jikin kwamfuta ba kwafi ba ne, tare za a kulle su. A yi biyu, ɗaya a cire a kai wani gini, kuma a gwada buɗe shi a wata na'ura a tabbatar ya kwafu.

Kada a sauya kowa rana ɗaya. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani ofdet mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da na'urorin Windows kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, saboda an sake shi ga kowa lokaci guda. A fara da na'ura biyu ko uku na mutanen da ba sa tsoron kwamfuta kuma za su faɗi abin da suka gani. Windows tana ba da kwana goma a koma tsohuwar idan abu ya ƙi. Na akanta da na shugaba su zo ƙarshe, kuma ba a ƙarshen wata ba, ba lokacin jarrabawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wuta ma sai an yi mata tanadi, domin ɗaukewarta ana tsakiyar sabunta BIOS tana iya kashe babban allon da ke cikin na'urar gaba ɗaya. In babu inbata ko sola, a tayar da janareta a tsaya a kansa. Windows 11 ta haura gigabait 5, a sauke ta sau ɗaya daga shafin Microsoft a sa a sabon filash, maimakon kowace na'ura ta ja nata.

Wani tarko sabo shi ne BitLocker, mai kulle faifan ajiya don ko an sace laftof ɓarawo ya samu ƙarfe kawai. Abu ne mai kyau, kuma a sababbin zubin Windows 11 yakan kunna kansa idan aka shiga da asusun Microsoft. Mabuɗin cetonsa lambobi 48 ne, kuma yana tafiya ne cikin asusun wanda ya saita na'urar. In yaron shago ne ya sa imel ɗinsa don a yi sauri, ranar da na'urar ta nemi mabuɗin sai a tafi neman yaron. A buɗe asusu na ofis, a buga lambobin a takarda, a kulle a sef tare da cak.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da maganar kasafi. Tsarinmu ya iya saye, bai iya riƙo ba. Kwamfuta ɗari ana sa su cikin manyan ayyuka, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Lasisi da data da batirin UPS da albashin mai kula, waɗannan ba su da bikin buɗewa, sai a bar su ga kuɗin gudanarwa da ba ya isa ko man janareta. Ɗakunan kwamfuta da aka ba makarantu kyauta haka suke tsufa rana ɗaya, su mutu rana ɗaya. Ga kuma naira, wadda daga wajen 460 kan dala a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, don haka ofishin da ya jinkirta sauya na'urorinsa yanzu zai biya ninkin abin da ya guje wa. Ni a ganina ofis mai na'ura hamsin ya sauya goma kowace shekara ya fi masa sauƙi da ya nemi hamsin a shekarar da Microsoft ya ga dama. Kuma a sa sunan mutum ɗaya a rubuce cewa shi ke duba faci kowane wata, shi kaɗai ke da izinin ɗora manhaja, ko da darakta ne ya zo da filash ɗin ɗansa.

Kwamfutar Baba akanta i5-7400 ce, zubi na 7, taki ɗaya ya hana ta shiga. Mun kwashe fayilolinsa a faifai biyu, ɗaya ya tafi gidan shugaban ofishin. An sayo masa wata mai zubi na 10 da lasisinta, muka bar tsohuwar a gefe ba intanet har aka biya albashin wata biyu da sabuwar, lissafi ya zo daidai. Tsohuwar yanzu tana teburin karɓar baƙi da Linux Mint a kanta ana buga wasiƙu. Da na nuna masa 'yar takardar kalmar sirrin na ce wannan ba za ta koma jikin allo ba, sai ya ɓanɓare ta, ya ninke, ya cire hularsa ya sa a ciki ya mayar.

"To ɗankwalin hwa, shi ma Microsoft ta hana?"

Na ce a'a Baba, a dai riƙa cire shi kafin a kunna.